Tebur Goma Sha Takwas

Ranar Alhamis, sha uku ga Fabrairu, da ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu na rana, Sharfuddeen Ɗantani ya canza wa 'yarsa darasi ba da saninta ba. Yana tsaye ne a bayan kantin maganin da yake aiki a unguwar Al Muraqqabat ta Dubai, kofin shayin karak a hannun hagu, waya a hannun dama. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

'Yar tasa, Muhsinat, shekararta goma sha huɗu, tana aji tara a wata makaranta mai bin tsarin Ingila a Al Qusais. A wannan ajin ne yara ke zaɓen darussan da za su rubuta jarrabawarsu bayan shekara biyu. Yaro zai cika fom a shafin makaranta, uba ko uwa su shiga da nasu mabuɗin su amince, sannan a rufe shafin ƙarfe biyu na ranar ƙarshe, wato wannan Alhamis ɗin. Muhsinat ta cika nata tun ranar Litinin. A layi na uku ta sa darasin da makarantar ke kira Design and Technology, yara kuma suke ce masa Di-Ti: a zana abu, a auna, a ƙera shi da katako ko ƙarfe ko roba.

Kalmar katako ce ta tsaya wa Sharfuddeen a rai.

Mahaifinsa, marigayi Malam Ɗantani, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana kafinta a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Injin yanka ya cire masa yatsu biyu na hannun dama, kuma tun daga ranar ya ce a cikin 'ya'yansa babu wanda zai riƙe zarto. A makarantar da Sharfuddeen ya yi, bayan aji uku ake raba yara. Masu ƙoƙari su tafi ajin kimiyya, na tsakiya ajin kasuwanci ko na adabi, waɗanda suka rage a tura su makarantar koyon sana'a. Idan aka ce an kai wane tekanikal, da murya ƙasa-ƙasa ake faɗa, kamar jaje. Sharfuddeen ya samu ajin kimiyya, ya karanta haɗa magunguna a Zariya, shekara tara da suka wuce ya samu aiki a Dubai.

Tun rasuwar mahaifinsu, babu maganar karatun yaro da ake yankewa a gidansu sai an ji ta bakin babban wansu, Yaya Dikko, a Kano. Ranar Laraba Sharfuddeen ya aika masa da hoton fom ɗin. Amsa ta zo ranar Alhamis da rana, saƙon murya na minti ɗaya da rabi.

"Sharfu, kai ma dai! Ka kwashi yarinya ka haye teku da ita har Dubai don ta koyo feƙe katako? To ai da ka bar mana ita, a Na'ibawa za a koya mata, har a ba ta tuwon rana. Jikar Malam, mai sunan Hajiya, a ce ta bar kimiyya ta koma gidan jiya? Ka gyara abin nan tun kafin dangi su ji. Ka gaida Hadijatu."

Sau uku ya saurara. Ya buɗe shafin, ya danna layi na uku, ya nemi wani darasin kimiyya a jerin bai gani ba. Akwai zane, akwai kiɗa, akwai wasan kwaikwayo, akwai kasuwanci. Ya ce a ransa ko ba komai kasuwanci ya fi tekanikal, zancen kimiyya kuma zai je makarantar ya gyara daga baya. Daga cikin kanti abokin aikinsa ya ƙwala masa kira, layi ya yi tsawo. Ya zaɓi kasuwanci, ya danna amincewa, ya jefa kofin a kwandon shara.

Da yamma, a cikin metro, jirgin ƙasan birnin, ya buɗe littafin bayanin da makarantar ta aiko wa iyaye tun watan Janairu, wanda bai taɓa wuce bangonsa ba. A shafi na huɗu an rubuta cewa lissafi da Turanci da darussan kimiyya guda uku dole ne ga duk 'yan rukunin da Muhsinat take ciki. Fom ɗin na ƙarin darussa uku ne kawai. Babu abin da yarinyar ta bari. Ya karanta shafin sau biyu, har jirgin ya wuce tasharsu da biyu. A kan dandamali, yana jiran mai komawa, ya sake gwada shafin makarantar. An rufe.

Gidansu a Hor Al Anz ɗaki ɗaya ne da falo, hawa na uku. An raba falon da labule, Muhsinat na kwana a ɓangaren taga. Mai gidan ya hana buga ƙusa a bango, an rubuta a takardar haya. Wannan dokar ce ta fara sa yarinyar ƙere-ƙere. Duk ranar da aka kawo kaya kanti, Sharfuddeen kan ɗauko mata kwalayen magani masu kauri, ita kuma ta yanka, ta manna biyu-biyu da gam, ta yi abin da gidan ke nema. Ta yi abin ajiye takalma da ake rataya a saman ƙofa. Ta auna tsakanin firji da bango, santimita goma sha tara, ta yi wata doguwar kanta mai taya huɗu da ake ja a tura, inda Hadijatu, mahaifiyarta, ke jera daddawa da kuka da yaji da ake aiko musu daga gida.

Yana shigowa ta leƙo daga bayan labule.

"Abba, sannu da zuwa. Ka ga abin da na zaɓa?"

"Na gani, Mamana." Sunan mahaifiyarsa gare ta, bai taɓa kiran ta da shi ba.

"Babu matsala?"

"Babu."

Hadijatu ta ce daga kicin, "Tun safe take sintiri kamar kazar da za ta yi ƙwai. To ga shi nan, injiniya, sai ki bar mu mu huta."

Ya yi niyyar zuwa makarantar washegari. Amma Juma'a rabin yini ake yi. Litinin aka kawo kaya kanti. Ya san kuma duk takardar da ya rubuta wa makarantar sai malamar ajinsu ta kira Muhsinat ta tambaye ta. Ban da haka, ya riga ya rubuta wa Yaya Dikko cewa an gyara, shi kuma ya amsa da Allah ya yi albarka. Azumi ya zo ya wuce. Kwana ashirin da tara suna sahur su uku a kan tabarma ɗaya, maganar na bakinsa, yana haɗiye ta da ruwa.

Ranar Talata ta biyu bayan hutun salla, makaranta ta fitar da jerin darussan kowa. Ya dawo ya tarar da Muhsinat zaune a ƙasa ko kayan makaranta ba ta cire ba, kwamfuta a cinyarta. Ba kuka take yi ba, rubutu take yi.

"Abba, sun yi kuskure. Sun sa mini kasuwanci."

Ya ajiye jaka. Ya daɗe yana kwance igiyar takalmi.

"Ina da hujja," in ji ta. Ta juyo masa da wayarta: hoton fom ɗin da ta ɗauka ranar da ta cika, da kwanan wata a jiki. "Matar ofis ce. Da hannu take kwafe sunaye daga shafin zuwa jadawali, kowa ya sani. Bara ma ta sa wata yarinya a ajin Faransanci alhali Larabci ta zaɓa. Na rubuta musu takarda da sunanka, ka duba kawai ka aika."

Ya karanta. Sakin layi uku, babu zagi, babu kuskure ko ɗaya. A ƙarshe ta nemi a ba su ranar ganawa.

Hadijatu ta tsaya a bakin kicin da ludayi a hannu. "Malam, ka aika mana. Kai da ka iya tsayawa da likita a kan digo ɗaya a takardar magani, yau a kan 'yarka za ka yi sanyi? Yarinyar nan tun watan Janairu ba ta da zance sai wannan."

"Zan duba."

"Ka duba me? Ai ga shi ka duba. Maza, aika."

Ya aika.

An ba su ranar Alhamis, ƙarfe takwas da rabi na safe. Ya nemi a sauya masa aiki zuwa yamma, suka hau metro tare zuwa Al Qusais. A hanya ta yi ta ba shi labarin abin da za ta ƙera a shekara ta biyu: teburin karatu mai naɗewa wanda zai tsaya a jikin bango ba ƙusa ba sukuru. Ta ce rabin 'yan ajinsu a irin gidansu suke zaune, kowa a kan gado yake aikin gida. Ya ce mata tunani ne mai kyau. Gaskiya ya faɗa.

Shugabar aji tara, wata Baturiya mai gajeren gashi, ta ce kafin su zauna malamin Di-Ti na son ya nuna wa uban ɗakin aikinsa. Malamin ɗan Kerala ta Indiya ne, mai furfura, da fensir a bayan kunne. Yana buɗe ƙofa ƙanshin sabon katako ya doki Sharfuddeen. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da shi. Akwai injin da ke yanka da haske, akwai kwamfutoci shida a jikin bango, amma a tsakiya tebura ne masu kauri, kowanne da lambarsa da abin matse katako a gefe. Zartuna na rataye a kan allo, an zana siffar kowanne a inda yake zama. Mahaifinsa ma haka yake yi, da alli.

"Goma sha takwas ne," in ji malamin da Turanci. "Doka ce, saboda injuna. Malami ɗaya, yara goma sha takwas, ko ɗan sarki ne ya zo ba na ƙarawa. Da na ga jerin babu sunanta na ce ko ta yi fushi da ni ne." Ya ɗauko wani ƙaramin akwati daga kan kanta ya miƙa wa Sharfuddeen. "Nata ne, na zangon farko. Juya shi. Ka nemo mini ƙusa."

Babu ƙusa. Kusurwoyin sun shiga juna kamar yatsun hannu biyu. Ya shafa da babban yatsa bai ji gaɓa ba.

"Wa ya koya mata haƙurin nan? A gida akwai mai aikin hannu?"

"Kakanta," in ji Sharfuddeen. "Amma ba ta san shi sosai ba."

A ofis su huɗu ne: shugabar, Sharfuddeen, Muhsinat, da matar ofis, wata 'yar Filifin mai kimanin shekara hamsin, da tabarau a rataye a wuya. Shugabar ta yi bayani a taƙaice. Yara ashirin da huɗu ne sunansu ya zo a Di-Ti, an ɗauki goma sha takwas bisa makin zangon farko, shida na jira. Da sunan Muhsinat ya zo, da ita ce ta biyu. Idan kuskuren daga makaranta ne, dole a mayar mata da gurbinta, yaro na goma sha takwas ya koma jerin masu jira. Idan daga gida aka canza, sai dai a sa ta a ƙarshen jerin.

Muhsinat ta ajiye wayarta a kan tebur da hoton fom ɗin a buɗe. Shugabar ta duba, ta juya ga matar ofis.

Matar ta sa tabarau, ta duba, ta cire. Ta ce sunaye ɗari da sittin ta kwafe a yini biyu. Ta ce ba ta tuna wannan ba, amma ba za ta rantse ba. Idan ana so za a iya rubuta wa kamfanin da ke kula da shafin su duba, sai dai yakan ɗauki sati biyu.

"Ba sai an kai can ba," in ji shugabar, tana duban matar ofis. "Hujjar yarinyar a bayyane take. Wannan ne karo na biyu, za mu yi magana ni da ke daga baya." Ta jawo takarda ta cire murfin biro. "Malam Sharfuddeen, a madadin makaranta ina ba ku haƙuri. Yau zan kira iyayen ɗaya yaron."

Matar ofis ta juya ga Muhsinat. "Ki yafe ni, 'yata," in ji ta.

Sharfuddeen ya ga yadda abin zai tafi idan ya yi shiru na minti ɗaya. Muhsinat za ta samu teburinta. Za su fita ta riƙe masa hannun riga tana dariya. Babu wanda zai rubuta wa kamfani. A kira wasu iyaye da bai sani ba a gaya musu an cire ɗansu, a sa wata takarda a fayil ɗin matar nan. Ya dubi biron shugabar, ya riga ya taɓa takarda.

"Ki dakata," in ji shi. "Ba ita ba ce. Ni na canza. Ranar sha uku ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci, daga wayata."

Shugabar ta ɗaga biron daga kan takarda.

"Ban karanta littafin bayanin ba. Na ɗauka kimiyya ta bari. A ƙasarmu haka tsarin yake, ko wannan ko wancan." Ya juya ga matar ofis. "Ke ya kamata a ba haƙuri. Ki yi haƙuri."

Matar ta gyaɗa kai, ta mayar da tabarau, ta ce babu komai. Shugabar ta rufe biro. Ta ce ta gode da ya faɗa, amma doka ɗaya ce ga kowa: Muhsinat ce ta bakwai a jerin masu jira. Ta ƙara da cewa jerin kan motsa a hutun bazara, domin duk shekara akwai iyalan da ke barin Dubai. Bayan sati uku da komawa makaranta kuwa, ba a sake canza wa kowa darasi.

Muhsinat ta ɗauki wayarta ta sa a aljihu. Ta tashi, ta tsaya gaban matar ofis, ta ce ita ce ta rubuta takardar ƙarar, kuma ta yi kuskure. Sannan ta nemi izinin komawa aji. Ba ta dubi mahaifinta ba.

Ya jira ta a bakin ƙofa har aka tashi, abin da bai taɓa yi ba, ya kira kanti ya ce zai makara. Suka taka zuwa tasha, tana gaba da taku biyu. A cikin metro akwai layin da aka ja a ƙasa, daga nan sashen mata da yara ya fara, namiji ba ya tsallakawa. Kullum idan suna tare a gefensa take tsayawa. Ranar ta tsallaka layin, ta kama ƙarfe, ta juya fuska ga taga. Tsakaninsu bai fi taku uku ba har Hor Al Anz.

Hadijatu ta saurari labarin a tsaye. Da ya gama ta kashe gas.

"Wata biyu, Malam? Muna sahur tare, muna buɗa-baki tare? Kuma ka bar ni ina tunzura ka a kan baiwar Allah da ba ta ci ba ba ta sha ba?"

"Na yi kuskure."

"Yaya Dikko ne zai zauna mata a ajin kasuwancin?"

Ya je ya tsaya a bakin labule. A gidansu uba ba ya ba ɗa haƙuri, sai dai ya sayo masa wani abu. Ya yi gyaran murya.

"Mamana."

"Na'am, Abba."

"Ki yi haƙuri. Kakanki yatsu biyu ya bari a injin. Da na ga katako, abin da na gani ke nan."

"Da ka tambaye ni, Abba. Da na nuna maka shafi na huɗu."

"Haka ne."

"Babu komai," in ji ta, yadda aka koya mata ta amsa wa manya. Labulen bai motsa ba.

Daga watan Mayu, duk ranar Litinin yakan aika wa shugabar layi ɗaya yana tambaya. Amsa ma layi ɗaya ce. A ƙarshen Yuni Muhsinat ta zama ta biyar. A Agusta ta uku. Ya san abin da kowane motsi ke nufi: wani uba aikinsa ya ƙare, bizarsa ta mutu, an ɗaure kaya an kai wa masu jigila. Wata Juma'a bayan salla ya kama kansa yana lissafin saura mutum biyu a gabanta, ya yi istigfari, ya tashi. Litinin ya sake aikawa.

An koma makaranta tana ta biyu. A sati na biyu ta zama ta ɗaya. Ranar Juma'ar sati na uku, ƙarfe sha ɗaya da rabi, amsa ta zo: babu wanda ya fita, an rufe.

Bai daina ɗauko kwalaye ba. Suna nan jingine a bayan ƙofa, goma sha huɗu, babu wanda aka yanka.

Ranar Asabar da safe ƙasan kantar da ke gefen firji ya ɓalle, tayar baya ta fita, kwalbar yaji ta faɗi. Hadijatu ta ce wa labule ga aiki ya samu. Daga ciki aka ce akwai aikin gida, sai an jima. Sharfuddeen ya kwashe kwalaben ya jera a ƙasa, ya kwantar da kantar, ya ɗauko kwali ɗaya da wuƙar kicin. Ya dubi faɗin da ido, ya yanka, ya gwada. Ya gaza da kusan yatsa ɗaya. Ya ɗauko na biyu.

Bai ji fitowarta ba. Tana tsaye a kansa, littafin kasuwanci a hannu, yatsanta a shafin da take karantawa.

"Ba ka auna ba, Abba."

"Ban auna ba."

Ta koma bayan labule. Ya ji ta buɗe jaka. Ta fito ta ajiye rula ta ƙarfe da fensir a ƙasa kusa da gwiwarsa.

"Goma sha tara ne daga waje. Ka rage kaurin kwali biyu."

Ta koma ciki ta ja labule. Ya ɗauki rular.